Mece ce Kalemegdan?

Duk wanda ya nemi hotunan Belgred, babban birnin Sabiya, zai ci karo da wannan suna, Kalemegdan. Tsohuwar ganuwa ce a kan tudu, daidai inda kogin Sava yake zuba cikin kogin Danub, kuma a yau nan ne babban wurin shaƙatawar mutanen birnin.

Sunan daga Turkanci ya fito, kalmomi biyu aka haɗa: kale, wato sansani mai ganuwa, da meydan, wato fili. Wanda ya yi karatun Larabci ba zai sha wuya ba, ƙal'a da maidan ne. To amma a asali ba ganuwar ake kira haka ba, filin da ke gabanta ne. Da gangan ake barinsa fetal, ba gida ba itace, domin mai gadi a kan katanga ya hango abokin gaba tun daga nesa, igwa kuma ta samu hanya. A nan sojoji suke atisaye. Sannu a hankali sunan filin ya haɗiye tudun gaba ɗaya.

Wurin ya ga yaƙi iya ganin yaƙi. Rumawa sun girke runduna a kai, suna kiran garin Singidunum. A 1456 Sarki Muhammad na Biyu na Daular Usmaniyya ta Turkawa, wanda ya ci Kustantiniyya (Istanbul ta yau) shekara uku kafin nan, ya kewaye ganuwar, bai samu nasara ba. Sai a 1521 Sarki Sulaiman ya karɓe ta wa Daular Usmaniyya. Daga baya Ostiriya ta ƙwace ta har sau uku, a 1688 da 1717 da 1789, kowane karo Turkawa suna dawowa. Kowa ya zo sai ya rushe wani abu ya gina nasa, shi ya sa a jikin katanga guda za ka ga farin dutsen wani zamani a ƙasa, jan bulon wani zamani a sama.

A 1867 aka miƙa wa Yarima Mihailo Obrenović, mai mulkin Sabiya, mabuɗan ganuwar, sojojin Turkiyya suka fice. Ba a jima ba aka fara dasa itatuwa a filin nan da a da aka hana ko tsiro ya yi tsawo.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a share tarihin kowa ba. Hubbaren Damad Ali Pasha, babban wazirin Daular Usmaniyya da ya rasu a wani yaƙi a 1716, yana nan tsaye, ga cocin Ružica ba nisa. Akwai wata rijiya mai zurfi da matakala ke nannaɗe da ita har ƙasa. Ana ce mata Rijiyar Rumawa, alhali mutanen Ostiriya ne suka gina ta a ƙarni na 18. Can a bakin tudu mutum-mutumin Pobednik yake, wanda aka kafa a 1928, takobi a hannu ɗaya, tsuntsu a ɗaya, yana fuskantar mahaɗar kogunan. A gindinsa matasa ke zama kan katanga da yamma, ƙafafu na lilo, tsofaffi kuma suna can ƙarƙashin inuwa sun duƙufa kan wasan ces. Yara na hawa tsofaffin tankokin da gidan tarihin soja ya jera a cikin ramin ganuwa. Shiga filin kyauta ne.

Ina ganin wannan zirga-zirgar ce ke riƙe da wurin. Mu da muke kallon badalar Kano tana zaizayewa mun san yadda katangar da ba mai zama kusa da ita take ƙarewa. A Belgred, da hukuma ta fara sare itatuwa a 2019 don kafa motar igiya da za ta tsallaka Sava zuwa kan tudun, jama'a suka tashi tsaye, aka je kotu, aka dakatar da aikin. A 2020 ƙungiyar Europa Nostra, mai kare kayan tarihin Turai, ta sa ganuwar cikin wuraren tarihi 7 na Turai da suka fi fuskantar barazana.