Gina jarumi a wasan Elden Ring

Elden Ring wasan bidiyo ne na yaƙi da kasada a duniyar almara. Kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ne ya ƙirƙire shi a ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, Bandai Namco kuma ya fitar da shi ranar 25 ga Fabrairu, 2022, a PlayStation da Xbox da kwamfuta. Abin da masu wasa ke nufi da gina jarumi shi ne yadda mutum zai raba makin sifofi, ya zaɓi makami da sulke da layu, har su zamo suna aiki tare. Wasan ba ya hana kowa ɗaukar kowane makami, amma makin da ake rabawa ƙidayayye ne, kuma wanda ya watsa shi ko'ina zai tarar da jaruminsa bai gwanance a komai ba.

Sifofi takwas da lissafinsu

Kowane jarumi yana da sifofi takwas, kowace tana tsayawa a 99. Uku na jiki ne: Vigor mai ƙara yawan rai, Mind mai ƙara ma'ajiyar sihiri, da Endurance mai ƙara numfashi da nauyin da za a iya ɗauka. Sauran biyar na kai hari ne. Strength ta manyan makamai ce, Dexterity ta makamai masu sauri, Intelligence ta sihirin sanda, Faith ta surkullen warkarwa da wuta da tsawa, sai Arcane mai taimaka wa zubar da jini da guba, kuma tana sa a fi tsintar kaya a jikin maƙiyan da aka kashe.

Ana sayen mataki da Runes, kuɗin wasan, kowane mataki kuma maki ɗaya ne kacal. In aka haɗa sifofin takwas aka cire 79, abin da ya rage shi ne matakin jarumi. Ke nan mai mataki 150 yana da maki 229 gaba ɗaya, wanda ya cika komai kuwa ya kai 713. Farashin mataki kullum hawa yake yi, shi ya sa yawancin masu wasa ke tsara jarumi a kan 125 ko 150, inda aka fi haɗuwa da abokan karawa ta intanet.

Akwai azuzuwan farawa goma. Vagabond yana farawa a mataki 9 da Vigor 15 da Strength 14, Samurai a mataki 9 da Dexterity 15, Astrologer a mataki 6 da Intelligence 16, Wretch kuwa a mataki 1 da goma a kowace sifa da kulki kawai a hannu. Ajin farawa ba ya ɗaure kowa. Amfaninsa ɗaya ne: makin da aka fara da shi ba ya raguwa har abada, don haka a zaɓi ajin da ba shi da maki da yawa a sifofin da ba za a taɓa ba.

Rai kafin ƙarfi

Kuskuren da ya fi yawa a wurin sababbi shi ne zuba maki a Strength ko Dexterity tun farko, a bar Vigor a goma sha wani abu. A farkon wasa makami bai samu ƙira ba, wato ba a ɗaga ƙarfinsa a wurin maƙeri ba, don haka maki goma a Strength ba ya ƙara wa sara wani abin kirki, alhali maki goma a Vigor na iya sa jarumi ya sha duka biyu ko uku bai faɗi ba. A Vigor 40 rai yana kai 1450, a 60 yana kai 1900. Daga 60 zuwa 99 kuwa 200 kaɗai ake ƙaruwa da shi, wato maki 39 sun tafi a banza. Tsari mai kyau shi ne a biya mafi ƙarancin abin da makami ke nema, a kai Vigor 40 kafin tsakiyar wasa, sannan a cika 60 kafin manyan dodannin ƙarshe, waɗanda wasunsu ke kashe mai ƙaramin rai da bugu ɗaya.

Irin wannan raguwar riba tana kan sifofin hari ma. Bayan 80 abin da ake samu ba ya taka kara ya karya.

Makami da maƙera

Kowane makami yana ɗauke da harufa daga E zuwa S da ke nuna yadda yake cin moriyar kowace sifa. S ce mafi girma. Yana kuma da sharaɗi. Uchigatana na neman Strength 11 da Dexterity 15. Moonveil, takobin da ake samu bayan kashe dodon da ke ramin Gael, na neman Strength 12 da Dexterity 18 da Intelligence 23. Wanda bai cika sharaɗi ba saransa zai yi rauni ƙwarai. Sai dai akwai sauƙi ɗaya: riƙe makami da hannu biyu yana ninka Strength sau ɗaya da rabi. Ƙaton takobin nan Greatsword na neman Strength 31, amma mai 21 zai iya sarrafa shi da hannu biyu. Da wannan lissafin ne masu manyan makamai ke tsayawa a 54, don da hannu biyu ta zama 81.

Ƙira ita ce ginshiƙin ɓarnar da makami ke yi, ta ma fi makin sifa tasiri a mafi yawan wasan. Makamai iri biyu ne. Na gama-gari suna hawa zuwa +25. Duwatsun ƙirarsu hawa takwas ne, kowane hawa yana ɗaga makami mataki uku, da dutse 2, sai 4, sai 6, wato 12 a kowane hawa, 96 kafin a kai +24, sannan dutsen tsohon dodo guda ɗaya ya rufe. Makamai na musamman kamar Moonveil da Bloodhound's Fang suna tsayawa a +10, dutse ɗaya a kowane mataki, shi ya sa suka fi saurin ƙeruwa. A teburin ƙira na cocin Elleh ana iya kai makamin gama-gari +3 kawai. Abin da ya wuce nan sai wurin maƙera, kamar Hewg da ke Roundtable Hold, matattarar jaruman wasan. Duwatsun suna cikin ramukan haƙar ma'adinai, waɗanda taswira ke nunawa da baƙin rami mai jan baki. A wasu wuraren ana samun ƙararrawar mahaƙa, wadda in aka miƙa ta ga masu shagon Roundtable Hold za a riƙa sayen duwatsun da kuɗi. Kafin a samu ƙararrawar, raba duwatsu tsakanin makamai huɗu ko biyar asara ce. Makami ɗaya a +12 ya fi huɗu a +4 nesa ba kusa ba.

Makaman gama-gari suna karɓar Ash of War, wanda ke canza fasahar makami da kuma sifar da yake bi. Heavy na karkata shi zuwa Strength, Keen zuwa Dexterity, Blood da Occult zuwa Arcane. A nan akwai tarko. Makamin da ya haɗa ɓarna iri biyu, misali ƙarfe da wuta, yana nuna babban adadi a allo, amma kariyar maƙiyi tana zaftare kowane kashi daban, sai abin da ya isa jiki ya gaza abin da ido ya gani.

Nauyi

Ana auna kayan da ke jiki da abin da Endurance ta ba da dama. Ƙasa da kashi 30 cikin ɗari mirginar kauce wa hari tana da nisa. Daga 30 zuwa ƙasa da 70 matsakaiciya ce, nan ne mafi yawan masu wasa ke zama. Da an taɓa 70 jarumi zai riƙa faɗuwa tim yana jinkirin tashi, sama da 100 kuwa ba mirgina sam. Makamin da aka rataya ba a riƙe ba shi ma ana lissafa shi. Vagabond yana farawa da nauyi fiye da kima saboda doguwar barandamin da ke rataye da shi; a cire ta, mirgina ta daidaita.

Layu kuwa gurbi huɗu ne iyaka. Radagon's Soreseal, da ke sansanin Faroth a yankin Caelid, tana ƙara biyar-biyar a Vigor da Endurance da Strength da Dexterity, amma tana ƙara ɓarnar da ake sha da kashi 15 cikin ɗari. Riba ce babba a ƙananan matakai. Da Vigor ta wuce 40 sai ta koma cutarwa, a cire ta.

Fitattun tsare-tsare

Mai ƙarfi yana dogara da karya tsayuwar maƙiyi. Saran tsalle da sara mai nauyi da aka ja aka saki suna tara wani ma'auni da ba a gani. In ya cika dodo zai durƙusa, a soke shi. Ma'aunin yana sauka idan aka daɗe ba a kai hari ba, don haka ja da baya da yawa yana ɓata aikin. Misalin rabo a mataki 150 daga Vagabond: Vigor 60, Mind 20, Endurance 39, Strength 54, Dexterity 15, Intelligence 9, Faith 25, Arcane 7. Faith 25 ɗin don surkullen Golden Vow ne, mai ƙara hari da kariya na ɗan lokaci.

Mai zubar da jini yana son sara da yawa cikin sauri, sau da yawa da takobi biyu iri ɗaya. In ma'aunin jini ya cika, wani kaso na ran maƙiyi yana tafiya lokaci guda, shi ya sa tsarin ke cin dodanni masu rai da yawa irin su Malenia. Rauninsa biyu ne: juriyar dodo tana ƙaruwa duk lokacin da jinin ya zuba, kuma wasu ba su da jinin zubarwa, ciki har da Radagon da Elden Beast na ƙarshen wasa. Dole a ajiye makami na biyu. Sanyin ƙanƙara yana tafiya da jini sosai, don yana sa maƙiyi ya ƙara jin duka, sai dai bugun wuta yana goge shi.

Mai sihiri yana samun sauƙin farko in ya je fadamar Aeonia ya ɗauko sandar Meteorite Staff da sihirin Rock Sling; dukansu Intelligence 18 suke nema. Sandar ba ta ƙeruwa, don haka daga baya ana barin ta. Manyan sihirai suna da tsada, Comet Azur na neman Intelligence 60. Matsalar mai sihiri kullum ita ce rabon gorunan magani. Ana farawa da huɗu, wani abin tsintuwa mai suna Golden Seed yana ƙara yawansu har 14, wani mai suna Sacred Tear yana ƙara ƙarfinsu, kuma a wurin hutawa ake yanke nawa za su zama ja na rai, nawa shuɗi na sihiri. Wanda ya mayar da mafi yawa shuɗi kuma ya bar Vigor a ƙasa ba shi da abin yi in maƙiyi ya matso kusa.

Sake rabo

Bayan an ci sarauniya Rennala da yaƙi a makarantar Raya Lucaria, ana iya ba ta wani abin tsintuwa mai suna Larval Tear guda ɗaya a sake raba maki daga tushe. Waɗannan ƙidayayyu ne a kowane zagayen wasa, kuma duwatsun da aka kashe a tsohon makami ba sa dawowa, don haka a ƙera sabon makamin kafin a je wurinta. Ƙarin wasan mai suna Shadow of the Erdtree, wanda ya fito ranar 21 ga Yuni, 2024, ana shigarsa ne bayan kashe manyan dodanni biyu, Radahn da Mohg. A can matakin jarumi bai isa shi kaɗai ba: sai an tattara Scadutree Fragment, waɗanda ke ɗaga hari da kariya har hawa 20, kuma tasirinsu bai wuce wannan yankin ba.