Wai waye Farfesa Ibrahim Gambari, me ya sa ake ta gardama a kansa?

Ɗan siyasa ne ko ma'aikacin gwamnati?

Asalinsa malamin jami'a ne. Ɗan gidan sarautar Ilorin, an haife shi a 1944, ya yi karatu a Landan, ya yi digirin digirgir a jami'ar Columbia ta Amurka, ya dawo ya koyar a ABU Zariya. A 1984 Buhari ya naɗa shi ministan harkokin waje, shekara ta zagayo Babangida ya kifar da gwamnatin.

To a ina ya yi suna?

A Majalisar Ɗinkin Duniya. Shi ne jakadan Najeriya a can daga 1990 zuwa 1999, kuma ka duba fa, Babangida, Shonekan, Abacha, Abdulsalami har Obasanjo duk ya yi aiki da su yana kan kujerar nan, ana ta sauya gwamnati a gida shi yana New York abinsa. Ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne maganar Ruwanda a 1994, ana yanka 'yan Tutsi kamar kaji, manyan ƙasashe na ta neman hanyar zamewa, Najeriya ta bakin Gambari ta tsaya kan a ƙara sojojin kiyaye zaman lafiya, ba a saurare ta ba, aka rage su zuwa 270 kacal.

Bayan nan fa?

Majalisar ta ɗauke shi aiki. Ta tura shi Angola, Myanmar inda ya gana da jagorar 'yan adawar ƙasar ta lokacin Aung San Suu Kyi tana tsare a gida, sai Darfur daga 2010 zuwa 2012. Da Abba Kyari ya rasu a 2020 Buhari ya sake nemo shi ya zama shugaban ma'aikatan fadarsa.

To mene ne laifinsa?

Ken Saro-Wiwa, marubucin nan mai fafutukar kare haƙƙin ƙabilar Ogoni ta Neja Delta. Da gwamnatin Abacha ta rataye shi da 'yan Ogoni takwas a 1995 duniya ta yi ca a kan Najeriya, Gambari ne ya tsaya yana kare gwamnatin. Masu goyon bayansa suna cewa ai jakada ba ya ƙin saƙon wanda ya aike shi, ni kam wannan hujjar ba ta gamsar da ni ba don mutum na iya ajiye aiki. Mutanen Neja Delta dai ba su manta ba, a 2008 da 'Yar'aduwa ya zaɓe shi ya jagoranci taron sulhun yankin suka ce sam ba su yarda ba, dole ya janye.