Darasin tsarin mulki a jami'a: tambayoyin da na gaji da amsawa

Na ɗaliban lauya ne kaɗai?

A'a.

To dole ne jami'a ta koyar?

Ya danganta da ƙasa. A Amurka, dokar da Sanata Robert Byrd ya kawo a 2004 ta wajabta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta shirya wani abu kan tsarin mulki ranar 17 ga Satumba, ranar da aka rattaba masa hannu a 1787. Wasu lacca ɗaya suke yi, a raba ƙaramin littafi, a watse. Sauke nauyi kawai.

Wane shiri ne mai amfani?

Wanda ke fitar da ɗalibi waje. Jami'ar Georgetown ta fara Street Law a 1972: ɗaliban lauya su je sakandare, daga baya har gidan yari, su koyar da doka. Jami'ar Natal ta Afirka ta Kudu ta ɗauka a 1986, ana tsakiyar mulkin wariyar launin fata. Wanda yaro ɗan sakandare ya ƙure shi da tambaya ba ya manta sashen kundin tsarin mulkin da aka tambaye shi.

Ba farfagandar jam'iyya ba ce?

Ka buɗe kundin ka karanta da idonka mana! Wanda bai karanta ba shi ake yi wa farfaganda.

In ɗan sanda ya tare ni, in karanto masa sashen da na koya?

Nan sai a yi a hankali. Sanin haƙƙi daban, lokacin faɗarsa daban. Kundi yakan ba da haƙƙi a layi ɗaya, layi na gaba ya yi masa togaciya, sannan kotuna su yi shekaru suna fassara togaciyar, abin da darasin zango ɗaya ba zai ƙare ba. Ƙila kana da gaskiya, ƙila kuma akwai wata doka da ba a koya maka ba. Galibi abin da ya fi shi ne ka tambaya cikin natsuwa me ake tuhumarka da shi, ka riƙe suna da lokaci da wuri, kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ka nemi lauya. Gardama a bakin titi da dare, ban ba ka shawara ba. Kwantar da hankalinka, haƙƙin bai ɓace ba don ka jinkirta shi zuwa gaban alƙali.

Ana ba da satifiket?

Wasu na bayarwa. Ba zai mai da kai lauya ba, kada ka je kana karɓar shari'ar mutane.