Waiwaye: Daga Ciwon Maƙogwaro Zuwa Tiyatar Zuciya

Duk sa'ad da aka kafa asusun neman taimako a unguwar Nima ko Mamobi da ke Accra domin a yi wa wani matashi tiyatar zuciya, sai muhawara ta tashi kan tsadar aikin da wanda ya kamata ya ɗauki nauyinsa. Amma kafin magana ta kai ga kuɗi, ciwon, wanda sau da yawa lalacewar ƙofofin zuciya ne, ya yi shekaru yana cin jiki.

Tarihin tiyatar sananne ne. Likita Charles Easmon ya yi aikin buɗe zuciya na farko a Gana a 1964, sannan aka kafa cibiyar zuciya ta ƙasa a asibitin Korle Bu da ke Accra a 1989.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru ne a 1950, a wani sansanin mayaƙan sama a Amurka, inda likitoci suka tabbatar cewa idan aka yi wa mai ciwon maƙogwaro na ƙwayar cutar bakteriya da ake kira sitiref allurar fenisilin, zazzaɓin gaɓoɓin da ke biyo baya da wuya ya taso. Wannan zazzaɓi, wanda ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, shi ne ke sa garkuwar jiki ta juya kan ƙofofin zuciya, musamman wadda ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu, har ta tsuke ko ta riƙa yoyo. Wato tun daga wancan lokaci maganin yana nan, kuma mai araha ne. Ko kafin nan ma, cutar ta fara ja da baya a Turai yayin da cunkoson gidaje ya ragu.

A zangonninmu kuwa, yara da yawa suna kwana ɗaki guda a gidan haya, kuma idan yaro ya ce haɗiye yana masa zafi, sai a saya masa farasitamol a kemis, ko a kira wanzami ya cire belu. Zafin zai lafa da kansa, kowa ya manta.

Bayan shekaru ne yarinya za ta fara haki daga hawa ɗan tudu, ƙafafu su kumbura, ta kasa barci sai an jingina ta da matashin kai. Wata ba a ganowa sai ta ɗauki cikin fari, zuciya ta kasa ɗaukar ƙarin jini. Wani kuma bugun zuciyarsa ne zai rikice, gudan jini ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Tsufa da nakasar haihuwa su ma suna lalata ƙofofin, amma waɗannan ba allura ce ke hana su ba.

Wanda aka gano da wuri, allurar fenisilin duk mako 3 zuwa 4 tana iya hana ɓarnar ci gaba.