Motocin Bas na Birnin Landan

Motocin bas na Landan tsari ne na jigilar jama'a a babban birnin Birtaniya, wanda hukumar sufurin birnin, Transport for London, take kula da shi. Yana da hanyoyi kusan 700 da motoci fiye da 8,000, galibinsu jajaye masu hawa biyu. Hukuma ce ke tsara aikin, kamfanoni masu zaman kansu kuma su ke tuƙa motocin.

Tarihi

Ranar 4 ga Yuli, 1829, George Shillibeer ya fara jigilar fasinja da keken doki daga unguwar Paddington zuwa tsakiyar birni. Masu kekuna suka yi ta shigowa harkar, har aka kafa London General Omnibus Company a 1855, wanda ya saye da yawa daga cikinsu ya zama uban tafiya. Kamfanin ne ya fara shafa wa motocinsa jan fenti a 1907 don su fita daban da na abokan gasa. A 1910 ya fito da bas mai inji samfurin B, a 1911 kuma ya ajiye dawakinsa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, an kwashi ɗaruruwan waɗannan motoci zuwa Faransa suna kai sojoji fagen daga.

A 1933 aka haɗa bas da jiragen ƙarƙashin ƙasa da taragon titi a hannun hukuma guda. Taragon titi ya daina aiki a 1952, bas masu shan lantarki daga wayoyin sama kuma a 1962.

Motar da ta fi kowace suna ita ce Routemaster, wadda ta fara ɗaukar fasinja a 1956. Bayanta a buɗe yake babu ƙofa, mutum na iya tsalle ya hau ko ya sauka idan ta tsaya a cunkoso, kwandasta kuma yana zagayawa yana karɓar kuɗi. Mutanen Landan sun ƙaunace ta, amma mai keken guragu ba shi da hanyar shiga, ga kuma albashin ma'aikata biyu a mota ɗaya. An janye ta daga aikin yau da kullum a Disamba 2005, a hanya mai lamba 159.

Yadda ake tafiyar da aikin

A 1986 gwamnatin Margaret Thatcher ta sakar wa kamfanonin bas mara a sauran sassan Birtaniya, kowa ya zaɓi hanyarsa da farashinsa. Ba a yi haka a Landan ba. Tun 1985 aka fara ba da hanyoyi kwangila, a tsakanin 1994 da 1995 aka sayar da rassan kamfanin gwamnati, amma ikon tsarawa bai bar hannun hukuma ba. Tun 2000 Transport for London ce ke riƙe da shi, ƙarƙashin magajin gari.

Ita ke yanke inda mota za ta bi, da yawan zuwanta, da kuɗin shiga, kuma kuɗin fasinja aljihunta yake shiga. Kamfanoni irin su Go-Ahead, Metroline, Arriva da Stagecoach suna neman kwangilar kowace hanya, yawanci ta shekara biyar zuwa bakwai, ana biyansu bisa tafiyar da suka yi, da ƙari ko ragi gwargwadon kiyaye lokaci. Shi ya sa direba ba shi da dalilin rige-rigen kwasar fasinja, kuma unguwar da ba ta kawo riba ba ta rasa mota.

Kuɗin shiga ɗaya ne komai nisa. Katin Oyster, wanda ake zuba wa kuɗi a riƙa biyan kuɗin mota da shi, ya zo a 2003, tun Yuli 2014 kuma ba a karɓar tsabar kuɗi a cikin mota. A 2016 magajin gari Sadiq Khan ya ɓullo da tsarin da fasinja zai canza mota cikin awa ɗaya ba tare da ya sake biya ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 kyauta suke hawa. Hanyoyin dare suna ɗauke da harafin N a gaban lambarsu, wasu hanyoyin kuma suna aiki dare da rana.