Kare Filayen Doguwar Ciyawa na Arewacin Amurka

Filayen doguwar ciyawa shimfiɗaɗɗun filaye ne marasa yawan itatuwa da suka taɓa mamaye tsakiyar Arewacin Amurka, daga Manitoba a Kanada har zuwa Texas. A da faɗinsu ya kai kimanin eka miliyan 170, amma abin da ya rage yanzu bai kai kashi 4 cikin 100 ba, kuma akasarinsa yana tsaunukan Flint na jihar Kansas, inda duwatsun da ke ƙarƙashin ƙasa suka hana garma shiga.

Noma ne ya cinye su. Bayan wani maƙerin Amurka mai suna John Deere ya ƙera garmar ƙarfe a 1837, sai dokar rabon filaye ta Amurka ta 1862 ta ba kowane mai nema da ya cika sharuɗɗa eka 160, aka yi ta kafta har filayen suka koma gonakin masara da alkama. Ciyawar asali tana da saiwa mai zurfi wadda ke riƙe ƙasa da danshi, shi ya sa filin da aka nome bai cika komawa yadda yake ba ko da an sake shuka irin ciyawar. Wannan ne dalilin da masana suka fi ba ragowar filayen da garma ba ta taɓa ba muhimmanci.

Abin da zai ba manomi mamaki shi ne wuta na cikin hanyoyin kula da su. Ana cinna musu wuta bisa tsari, galibi lokacin da sanyin hunturu ya wuce, domin ta ƙone ƙananan itatuwan da ke neman mamaye filin, ciyawar kuma ta sake tofowa daga saiwa. Kiwo ma yana taimakawa, don haka aka mayar da ɓaunan Amurka a 2009 cikin gandun Tallgrass na Kansas, wurin da aka keɓe tun 1996 domin kare doguwar ciyawa.

Tunda yawancin ragowar filayen na hannun masu zaman kansu ne, rawar ɗaiɗaikun mutane babba ce. Mai fili yana iya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare muhalli irin Nature Conservancy cewa ba za a nome filinsa ko a yi gini a kai ba, ko da ya sayar da shi. Wanda ba shi da fili kuwa yakan shiga aikin sa kai na tattara irin ciyawa da cire tsirran da ba na asalin wurin ba, ko ya shuka tsirran asali a farfajiyar gidansa domin ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi su samu abinci.