Wasan yaƙin 'yan sojojin roba kai kaɗai: amsar tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Tambayoyin nan dai su ne kullum, duk wanda ya ga teburina sai ya sake jeho su. To ga su wuri guda, don Allah a karanta kafin a ƙara tambaya.

Wai wane irin wasa ne wannan?

Yaƙi ne a kan tebur. 'Yan sojoji ƙanana, galibi tsawon milimita 28 zuwa 32, mahaya da maharba da dodanni da matsafa, ana auna tafiyarsu da inci, dayis irin na ludo ke yanke ko sara ya samu ko ya kuskure. Shi ke nan.

Dole sai Warhammer?

A'a. Shi ne dai ya yi suna, kamfanin Games Workshop na Ingila ya fito da shi a 1983, amma don mutum biyu aka gina shi, ga tsada ga kuɗin kawowa har Katsina. Mai wasa shi kaɗai ya nemi littafin dokokin Rangers of Shadow Deep da ya fito a 2018, ko Five Leagues from the Borderlands, su tun asali an rubuta su yadda mutum ɗaya zai iya. In babu ko sisi, kamfanin One Page Rules na ba da dokokin wasansu Age of Fantasy kyauta a intanet.

Ba abin kunya ba ne babba ya zauna shi kaɗai yana wasa da 'yar tsana?

Haba ɗan'uwa. Wanda ya kwana yana danna gem a waya wa ya ce mai komi? Tun farkon shekarun 1970 wani marubuci ɗan Ingila, Donald Featherstone, ya rubuta littafi sukutum a kan yin wasan nan kai kaɗai. Rashin abokin wasa a unguwarku ba laifinka ba ne, kwantar da hankalinka ka shimfiɗa kayanka.

Ya zan ja abokan gaba ba tare da na yi son kai ba?

Yawwa, wannan ita ce tambaya, kuma ba ta da amsa guda. Abin da ya fi yi mani aiki shi ne kafin a fara ka rubuta a takarda yadda kowane irin maƙiyi ke yi: dodo ya auka wa wanda ya fi kusa da shi in yana ganinshi, maharbi ya laɓe bayan bango ya yi harbi, wanda bai ga kowa ba ya nufi abin da ake faɗa a kanshi. Da ka rubuta ka ɗaure kanka, babu gyara a tsakiyar yaƙi. Sai dai fa matsalar ita ce bayan ɗan lokaci za ka haddace su, ka riƙa jawo dodo da mutum ɗaya sauran na zagayowa ta bayanshi, wasan ya yi lami. Shi ya sa nake ƙara dayis: 1 ya ja da baya, 2 zuwa 5 ya bi abin da ke rubuce, 6 ya taho a guje ko da zai mutu. Wasu kuma suna kife 'yan takardu a fili, wasu da runduna wasu babu komi, ba a buɗewa sai ka matso inci 12, wannan yana sa zuciya ta buga sosai amma wani sa'in duk masu ƙarfin su faɗo gefe guda a gama da kai tun zagaye na biyu, to ka jure, haka yake. Ka kuma ba su yawa fiye da naka, ka sa wa kanka iyaka kamar zagaye 6. Duk wannan ya fi tafiya da ƙaramar tawaga, mutum biyar zuwa goma, in runduna ce babba takardar ba ta iya ɗauka, gara ka tashi ka zagaya ɗaya gefen ka yi tunani tsakani da Allah kamar naka ne, kodayake ba kowa ke iya wannan ba. Inda doka ta yi shiru, ka yanke abin da ya fi cutar da kai. Kuma dayis in ya faɗi ya faɗi, kar ka ce wai ya gangara ne ka sake jefawa!

Maganar mutum-mutumi da dayis fa a addini?

Ka tambayi malaminka, ni ba malami ba ne. Kuɗi dai ba a sa wa. In ranka bai kwanta ba, marfin kwalba da ka rubuta wa suna yana tsayawa a matsayin soja, 'yan takardu masu lamba 1 zuwa 6 a cikin hula su tsaya a matsayin dayis.

Wane irin tebur zan saya?

Kar ka saya. Fili ƙafa 3 tsawo ƙafa 3 faɗi ya isa, ko a kan tabarma. Kwali da gam da yashi su ba ka ganuwa da ƙofar gari, gwangwanin tumatir ya zama rijiya irin ta Kusugu, tef ɗin tela ya yi maka awo.

Me ya sa masun sojojina suka lanƙwashe?

Don ka bar su a mota ko jikin taga a watan Afrilu. Roba ba ta son ranar Katsina. A sa su cikin akwati mai marfi a inuwa, kuma kar a yi fenti a tsakar gida lokacin hunturu, ƙura za ta manne a kai tun bai bushe ba.